Linkin Park bayan Chester: Haƙƙin masu rai da haƙƙin mamaci

Duk wanda ya isa gidan kallon ƙwallo da wuri a daren 31 ga Mayun 2025, kafin PSG ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a Munich, ya ga wasu mawaƙa sun cashe a tsakiyar fili. Wata mata ce riƙe da makirufo tana rera waƙa da iyakar ƙarfinta. Sunanta Emily Armstrong, ƙungiyar kuwa Linkin Park ce ta Amurka, ɗaya daga cikin mafiya shahara a salon kiɗan rok.

'Yan mintunan nan da aka gani a talabijin suna ɗauke da muhawarar da masoya ƙungiyar suka shafe watanni suna tafkawa. Tambayar ita ce: idan jagoran waƙa ya rasu, abokan aikinsa suna da ikon ci gaba da amfani da sunan da suka gina tare?

Suna da wannan iko, kuma sun nuna sun cancance shi. Sai dai akwai bashin da ke kansu wanda cika filin wasa ba ya biyan sa.

Shekara bakwai na shiru

An kafa ƙungiyar a jihar California a 1996 da sunan Xero. Chester Bennington ya shigo a 1999, kuma a shekarar 2000 suka fitar da kundinsu na farko, Hybrid Theory, wanda ya kai su ko'ina a duniya. Muryar Chester, mai iya sauka ta yi laushi sannan ta tashi ta koma kururuwa, ita ce abin da yawancin mutane suka san ƙungiyar da shi.

Ranar 20 ga Yulin 2017 aka tsinci gawarsa a gidansa, yana da shekara 41, kuma hukumomi suka tabbatar cewa shi ya kashe kansa. Ya daɗe yana faɗa a fili cewa yana fama da ciwon damuwa da kuma shaye-shaye. Rasuwar ta zo wata biyu bayan fitowar kundin One More Light, aka soke sauran rangadin da aka shirya. A watan Oktoban shekarar suka yi taron tunawa da shi a Los Angeles, daga nan ƙungiyar ta daina hawa dandamali har kusan shekara bakwai.

Dawowa cikin sauri

Ranar 5 ga Satumban 2024 suka bayyana kai-tsaye ta intanet, suka gabatar da Emily Armstrong, wadda ta fito daga ƙungiyar Dead Sara, da sabon mai ganguna Colin Brittain. A ranar ce kuma suka saki waƙar The Emptiness Machine.

Daga nan ba su zauna ba. Tsakanin 11 da 28 ga Satumba sun yi wasa a Los Angeles da New York da Hamburg da Landan da kuma Koriya ta Kudu, nahiya uku cikin kwana 18. Ana cikin haka waƙa ta biyu, Heavy Is the Crown, ta fito a matsayin taken gasar duniya ta wasan kwamfuta na League of Legends. Over Each Other ta biyo baya a Oktoba, Two Faced a Nuwamba, sannan kundin From Zero ya fito ranar 15 ga Nuwamba. Ya zo na ɗaya a Birtaniya da Jamus, na biyu a Amurka.

A ƙarshen Janairun 2025 suka sake ɗaura ɗamara daga birnin Mexico, suka fitar da wata waƙar, Up From the Bottom, a watan Maris, suka kuma hau dandamali a filin Wembley a watan Yuni.

Wannan jeri yana nuna abu guda muhimmi. Ƙungiyar ba ta dawo don ta riƙa juya tsofaffin waƙoƙi tana karɓar kuɗin tikiti ba. Sabuwar waƙa ta fara sakawa a gaba, kuma kusan duk wata sai da ta ƙara wata. Da ciniki da sunan mamaci kawai ake nufi, hanya mafi sauƙi ita ce a nemo namiji mai kwaikwayon muryar Chester. Sai suka ɗauko mace mai tata muryar, har ta kai an sauya tsayin sautin wasu tsofaffin waƙoƙin don su dace da ita. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Sunan na waye?

Mai karatu da ya saba da kiɗan gargajiya zai iya ganin abin banbaraƙwai. A ƙasar Hausa sunan ƙungiya sunan jagora ne. Da Mamman Shata ya rasu a 1999, babu makaɗin kalangu ko ɗan amshi da zai hau fage ya ce shi ne Shata. Tsarin ƙungiyar rok daban yake. Sunan na taron ne, kuma waɗanda suka kafa ta suna da kaso a cikinsa kamar yadda mai rera waƙa yake da shi.

Mike Shinoda da Brad Delson suna cikin ƙungiyar tun kafin Chester ya zo. Sun rubuta waƙoƙin tare da shi, sun yi shekara kusan ashirin suna yawon duniya tare. A ce musu su binne aikin rayuwarsu saboda abokinsu ya rasu, an ɗora musu hukuncin laifin da ba su aikata ba. Su ma rashin ya shafe su, kuma ba su kaɗai ke cin abinci a wannan suna ba. Bayan kowane rangadi akwai masu haɗa sauti da masu fitilu da direbobi da masu ɗaukar kaya.

Amma ya kamata a faɗi gaskiya game da girman sauyin. Rob Bourdon, wanda ya buga musu ganguna tun farko, ya zaɓi kada ya dawo. Brad Delson yana nan a ƙungiyar, amma ya sanar cewa ba zai riƙa fita rangadi ba, ya fi son aikin ɗakin haɗa waƙa, don haka Alex Feder ne ke riƙe jita a madadinsa a bainar jama'a. Ke nan cikin mutum shida da masoya suka saba gani, uku ne suka rage a dandamali: Shinoda da Joe Hahn da Dave Farrell. Wanda ya ce wannan ba ƙungiyar da ya sani ba ce, bai yi ƙarya ba, kuma ba a kyauta ba idan aka ɗauke shi maƙiyi.

Kasuwa ma ba ko'ina ta karɓe su da hannu biyu ba. Wasan da aka shirya yi a babban filin Dodger na Los Angeles a Satumban 2025 an mayar da shi Intuit Dome, wurin da bai kai rabinsa ɗaukar jama'a ba, alhali a garinsu ne.

Inda aka yi kuskure

Jim kaɗan bayan sanarwar dawowar, mahaifiyar Chester ta shaida wa mujallar Rolling Stone cewa ta ji an ci amanarta, domin an yi mata alkawarin za a sanar da ita idan ƙungiyar za ta ci gaba, amma ba a yi hakan ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ma ya fito ya soki Shinoda, yana zargin ana share tarihin mahaifinsa.

Doka ba ta tilasta wa kowa neman izinin uwa kafin ya ci gaba da sana'arsa. Amma matar da ta rasa ɗanta ta wannan hanya ba ta cancanci ta ji labarin wadda ta hau gurbinsa daga bakin duniya ba. Ƙungiyar da ta iya tsara rangadin nahiyoyi cikin sirri ba za ta rasa lokacin ziyara guda ba. Zumunci a ƙafa yake.

Haka kuma an taso da batun halartar da Emily ta yi a zaman kotu na ɗan fim Danny Masterson, wanda daga baya aka same shi da laifin fyaɗe a 2023. Ta fito ta ce ta je ne don wani da ta ɗauka aboki, daga baya ta gane bai kamata ta je ba, kuma ba ta ƙara magana da shi ba. Bayanin ya zo ne bayan surutu ya yi yawa. Ƙungiyar da masoyanta da dama suka rungume ta saboda waƙoƙinta na magana a kan raunin zuciya ya kamata ta hango wannan tun kafin ranar sanarwa.

Abin da ya rage

Akwai alamun sun san nauyin da ke kansu. A wasansu na farko Shinoda ya ce wa jama'a su ne za su tsaya a matsayin Chester, su rera da muryoyinsu. Ya kuma bayyana cewa sun ajiye waƙar One More Light ba sa rera ta a rangadi saboda baƙin cikin da take tayarwa. Ƙin taɓa waƙar da za ta sa dubban mutane kuka, alhali an san za ta ja kasuwa, girmamawa ce ta gaske.

Masu suka su ma da nasu haƙƙin kiyayewa. Emily ba ta kori kowa daga kujerarsa ba, kuma zagin ta a shafukan sada zumunta ba ya ƙara wa Chester daraja. Wanda sabuwar muryar ba ta yi masa ba, tsofaffin kundayen suna nan yadda aka bar su.

Linkin Park ta ci jarrabawar dandamali da ta sababbin waƙoƙi. Wadda ta rage ba a yin ta gaban kyamara: su nemi iyalan abokinsu su gyara tsakaninsu, su kuma tabbatar cewa gajiyar rangadi da matsin shahara ba su danne wani daga cikin waɗanda ke raye ba. Sun riga sun ga abin da ciwon damuwa ke iya yi wa mutumin da duniya ke tafa wa.