Ba A Cinikin Biri A Sama, Balle Lofe A Hoto

Ba tallar taba na zo yi ba, domin likitoci sun gama magana a kan ɓarnar da take yi wa huhu da zuciya. Amma lofe kayan sana'ar hannu ne, kuma har gobe ana sayensa: wani don ado a falo, 'yan fim don fitowar dattijon ƙauye, baƙi kuma don tara kayan gargajiya. Abin da ke ba ni takaici shi ne a ce Bakano, haifaffen cikin ganuwa, ya tsallake Kasuwar Kurmi da ke bayan gidansu, ya tura kuɗi ga wanda bai taɓa gani ba saboda hoton da ya burge shi a Facebook ko Instagram.

Wai shin me hoto zai gaya maka game da lofe? Na yumɓu dai ƙwanƙwasa shi ake yi da farce. Wanda ya gasu sosai za ka ji ƙararsa tas, mai tsaga a ɓoye ko wanda wuta ba ta ratsa ba sai ka ji shi dum. Sannan ka toshe bakin tukunyar da babban yatsa ka zuƙa: in iska ta shigo, to akwai kafa a mahaɗar tukunya da sanda. Ka leƙa ciki ka ga ko hudar ta sauka daidai gindin tukunyar. Ka sunsuna sandar, domin fenti da man goge takalmi ba sa ɓoye warinsu, kuma da su ake mayar da sabon lofe tsoho a kira shi kayan tarihi. A cikin waɗannan wanne waya za ta yi maka?

Na ƙasashen waje ma haka ne. Garin Saint-Claude na Faransa ya yi suna da lofen saiwar itace, kuma masana harkar sun san mai arha akan cike ramukan jikinsa da ƙulli a shafe da fenti, sai ka juya shi a hasken rana za ka gano tabon. A Eskishehir ta Turkiyya kuwa farin dutse mara nauyi ake haƙowa a sassaƙa. Na jabu garin dutsen ake kwaɓawa a matse, ya fi nauyi a hannu, amma a hoto tagwaye ne. Ko kyamara ta fara auna nauyi ne ban ji ba?

Za a ce da ni ai a kasuwa ma ana cuta. Gaskiya ne, ana yi. Sai dai Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma mai rumfa a can yana da maƙwabta, yana da shugabannin kasuwa, yana da sunan gidansu da yake tsoron ya ɓaci. In ya sayar maka da fasasshe, gobe ka san inda za ka same shi. Mai shafi fa? Ya toshe lambarka, ya canza suna, shi ke nan an sha da kai. Ga kuma wani abu: dokar taƙaita shan taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da taba ta intanet, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. To wanda ya haɗa maka lofe da ƙunshin taba ya aiko, bai ji tsoron hukuma ba, kai zai ji wa kunya?

Mu marubuta mun san wannan ciwo. Mai karatu na gari ba ya biyan kuɗin littafi don kyan bango, sai ya buɗe ya ga shafukan sun cika, tawada ba ta dushe ba. Ranar da masu saye suka daina dubawa, ranar mai aikin ƙwarai ya faɗi, domin mai ha'inci zai karya farashi, hotonsa kuma ya fi kyau. Haka magina da maƙera ke barin sana'a ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna kukan an daina kaya masu ƙarko.

Wanda ke nesa, ba yadda zai yi sai waya, to ya sa a ƙwanƙwasa masa a bidiyo ya ji da kunnensa, a nuna masa cikin tukunyar, a yi sharaɗin mayarwa, kuma kada ya biya sai kaya ya shiga hannunsa. Ya fi kyau ma ya aiki ɗan'uwa mai ido. Amma kai da ke Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi, don Allah taka da ƙafarka. Sayen na gari mai da kuɗi gida. Allah Ya sa mu gane, amin.