Shirin Dainoson Da Nake Mafarkin Gani

Jama'a, na kalli sabon Walking with Dinosaurs da BBC ta dawo da shi a 2025, shekara 26 bayan na farko. Aiki ya yi kyau, amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Cikin kashi 6, guda 4 a Arewacin Amurka aka yi su, ɗaya a Fotugal, Afirka ta samu ɗaya tal, a Maroko. To ina Nijar?

A Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas, aka tono ƙasusuwan Nigersaurus, dainoso mai haƙora sama da 500 da ya rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce. Nan ma aka samo Sarcosuchus, ƙaton dangin kada mai tsawon sama da mita 9. Lokacin, wurin koguna ne da ciyayi, ba yashi ba.

Da ni ne darakta, daga nan zan fara. A yi bayanin da Hausa, a sa kiɗan gurmi a ƙasa, Buzayen da suka san hanyar wurin su yi magana da bakinsu. Wallahi ƙannenmu sun san T-Rex na Jurassic Park, amma ba su san na maƙwabtanmu ba. Ku fa, wa za ku ba muryar shirin?