Hirar Majalisa a Kan Wasannin Talabijin: Darasin da Bai Kamata Malamin Hausa Ya Raina Ba

Gabatarwa

A kusan kowace unguwa ta ƙasar Hausa akwai majalisa, wato wurin da abokai kan taru bayan sallar isha'i, a kan dakali ko a teburin mai shayi, su taɓa hira kafin kowa ya nufi makwancinsa. Mata ma suna da tasu a tsakar gida, ɗalibai kuma a ɗakunan kwanansu. Duk wanda ya kasa kunne zai tarar da cewa galibin wannan hira a kan wasannin talabijin ake yin ta: wane ya ci amanar wance, wance ta tafka wauta, da ma an hukunta wane kowa ya huta. Daga nan sai zance ya gangaro kan tsadar kayan masarufi da zaman kishiyoyi da halin 'yan siyasa. Malamai da dama suna kallon wannan a matsayin sharholiya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, raina irin wannan hira kuskure ne, domin a cikinta ne ɗalibi yake fara nazarin adabi tun kafin ya san sunan fannin.

Tushen Al'adar

Wannan al'ada ta daɗe. An buɗe gidan talabijin na Kaduna a 1962, aka kafa hukumar NTA a 1977, sannan Jihar Kano ta buɗe CTV a 1982, tashar da ake kira ARTV a yanzu. A wancan zamani akwatin talabijin sai gidan wane da wane, saboda haka yaran unguwa kan yi cincirindo a tagar maƙwabci don kallon Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, ko Karambana na Ƙasimu Yero, ko Karkuzu. Kashegari kuwa babu zancen da ake yi a hanyar makaranta sai kwaikwayon Hausar bariki ta Samanja. Fitowar fim ɗin bidiyo Turmin Danya a Kano a 1990 ta buɗe wata sabuwar kafa, haka ma kafuwar tashar Arewa24 a 2014, wadda ta nuna wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Kallo ya tashi daga tagar maƙwabci ya koma wayar hannu, amma hirar bayan kallo tana nan daram.

Abin da Hirar Ta Ƙunsa

Idan abokai suka yi musu a kan ko daidai ne tauraron wasa ya saki matarsa saboda umarnin mahaifiyarsa, jigo suke tattaunawa. Idan wani ya ce, "Haba mutumina, ai an ja labarin nan da yawa, tun makon jiya ya kamata asirinta ya tonu," zubi da tsari yake wa tarke. Idan kuma aka ce furucin wani ɗan wasa bai yi kama da na basarake ba, an shiga fagen salo da sarrafa harshe ke nan. Waɗannan su ne ginshiƙan da ake ɗora nazarin wasan kwaikwayo a kansu a cikin aji, sai dai a majalisa ana yin nazarin ne da ɗoki, a aji kuwa sau da yawa sai an yi da gaske kafin ɗalibi ya buɗe baki.

Bugu da ƙari, wasan kan zama garkuwa. Matashin da kunya ba za ta bar shi ya faɗi matsalar gidansu ba, yana iya bayyana ra'ayinsa a kan gidan cikin wasa. Wanda ke shakkar sukar mahukuntan garinsu kuma, sai ya soki na Jihar Alfawa, wato ƙagaggiyar jihar da aka gina Kwana Casa'in a kanta. A nan ake jin habaici da karin magana da sara a raye, kuma a nan Bakano da Basakkwace suke gane bambancin karin harshensu.

Hanzarin Masu Suka

Masu suka suna da hujjojinsu. Hirar takan rikiɗe ta zama gulma, takan cinye lokacin karatu, kuma cike take da Ingausa. Akwai ma masu kallo da ba sa bambance ɗan wasa da rawar da ya taka, har su tsani mutum saboda ya fito a mugu. Duk wannan gaskiya ne. To amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Waɗannan illoli su ne ainihin dalilin da ya sa ake buƙatar malami ya shigo ciki. Ɗalibin da aka hana shi zancen wasa a aji zai ci gaba da yin sa a waje, ba tare da mai gyara masa ba.

Aikin Malami

Malami na iya ware minti 10 a farkon darasi, ya nemi ɗalibai biyu su ba da labarin wani shiri da suka kalla, sauran kuma su saurara su fito da jigonsa. Daga nan sai ya umarce su da su rubuta hirar da daidaitacciyar Hausa, su maye gurbin kalmomin Ingilishi da na Hausa inda akwai su, su kuma kiyaye ƙa'idojin rubutu. Ta haka darasi guda ya taɓo sauraro da magana da karatu da rubutu. Wajibi ne malami ya fara kallon shirin da kansa, ya tabbatar ya dace da shekarun ɗalibai da tarbiyyarsu, ya kuma tuna da waɗanda babu talabijin ko wutar lantarki a gidajensu, kada darasin ya zama hanyar muzanta su.

Kammalawa

Dabarar koyarwa ta tanadi a fara daga abin da ɗalibi ya sani zuwa abin da bai sani ba. Ɗalibin da ya iya kare ra'ayinsa a kan Daɗin Kowa a gaban abokansa, ba zai rasa abin cewa ba ranar da aka miƙa masa Uwar Gulma ko Jatau Na Kyallu. Ya rage ga malami mai jiran gado ya koyi sauraron majalisa da kunnen manazarci, ya kuma shigo da abin da ya ji cikin aji.