Wa Ke Ƙirƙirar Ƙaranci? Darasi daga Kasuwar Wiskin Kanada

A watan Nuwamban 2015, Jim Murray, marubuci ɗan Ingila da ke fitar da littafin tantance wiski duk shekara, ya ayyana Crown Royal Northern Harvest Rye a matsayin gwarzon wiskin duniya. Wannan ne karo na farko da wani wiskin Kanada ya kai wannan matsayi a littafinsa. Kafin sanarwar, kwalbar tana zaune a kan kanta a shaguna, kuɗinta bai kai dalar Kanada 40 ba, kuma ba kowa ke waiwayarta ba. Cikin 'yan kwanaki sai ta yi ɓatan dabo, masu nema suna yawo daga shago zuwa shago. Alhali abin da ke cikin kwalbar bai sauya ba, kuma matatar da ke garin Gimli, a bakin tafkin Winnipeg, ba ta rage aiki ba. Maganar mutum ɗaya ce ta mayar da abin da yake a wadace ya koma na wawaso.

Na san akasarin masu karanta wannan wasiƙa ba ruwansu da barasa, kuma ba tallarta na zo yi ba. Na ɗauko wannan kasuwa ne domin da wuya a sami inda ake ganin yadda ƙaranci ke aiki a fili kamar nan: doka ta ƙayyade lokacin tsuma kayan, gwamnati ce ke sayarwa a yawancin larduna, farashi kuma a rubuce yake. Abin da nake so in kafa shi ne, ƙaranci iri-iri ne. Akwai wanda lokaci ya haifar, akwai wanda aka tsara a ofis, kuma mai saye da ya kasa bambance su yakan biya kuɗin tsoronsa ne yana zaton kuɗin kaya ya biya.

Ƙarancin da lokaci ya haifar

Dokar Kanada ta ce ba za a kira barasa da sunan wiskin Kanada ba sai ta tsumu aƙalla shekara 3 a cikin gangar katako da ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar. Saboda haka duk abin da aka sayar yau, an yanke shawarar yin sa ne shekaru da suka wuce. A 2017 kamfanin Canadian Club ya fitar da wiski mai shekara 40, daga gangunan da aka cika a 1977. Daga nan ya riƙa fitar da wani kaso na waɗannan ganguna duk shekara, har ya kai mai shekara 45 a 2022. Wanda ya cika gangunan a 1977 bai san yawan masu nema a 2017 ba, kuma ko nawa kamfanin ya zuba yau ba zai iya komawa baya ya ƙara ganga ko ɗaya ba. Bugu da ƙari, kowace shekara wani ɓangare na ruwan yakan bi iska ta jikin katako, ganga ta riƙa raguwa tun ba a taɓa ta ba.

Wannan ƙaranci na gaskiya ne, ba ni da ja a kansa. Abin sha'awa ma shi ne, da yawa daga tsofaffin gangunan da ake rububi a kansu yau sun kai wannan shekaru ne saboda kasuwar wiski ta faɗi a shekarun 1980, lokacin da masu sha suka karkata ga vodka da danginta. Kayan da aka rasa mai saye jiya, su ne ake bin layi dominsu yau.

Ƙarancin da aka tsara

Nau'i na biyu ya fi yawa. Matatar Hiram Walker da ke birnin Windsor a lardin Ontario tana da ganguna fiye da miliyan ɗaya a rumbunanta. A 2017 kamfanin Corby ya fara fitar da jerin kwalabe na musamman daga wannan matata da sunan Northern Border Collection. A cikinsu akwai J.P. Wiser's mai shekara 35, akwai kuma Lot No. 40 mai shekara 12 wanda ba a sirka da ruwa ba. Na farkon yana kusa da ƙarancin gaskiya. Na biyun kuwa, a wajen matata mai wannan girma, yawan kwalaben da za a fitar ya fi dogara ga abin da aka yanke a teburin shawara. Wannan ba laifi ba ne. Amma ya dace mai saye ya san cewa kwalabe biyu da ke ɗauke da lakabi ɗaya na "ƙayyadadden adadi" ba lallai dalilin ƙarancinsu ya zama ɗaya ba.

Wanda ya fi nuna ƙwarewa a wannan fage shi ne John Hall, wanda ya kafa Forty Creek a garin Grimsby na Ontario. A da yakan sanar da kwalbar shekara tun watanni kafin fitowarta, ya bar mutane su zaɓi lambar da suke so a rubuta a jikin tasu. Idan kaka ta yi, sai su hallara a matatar su karɓa, ya sa musu hannu. Abin da Hall ya gano shi ne jira ma haja ce. Watannin da mutum ya yi yana ɗokin kwalbarsa suna cikin abin da ya saya. Kamfanin Campari na Italiya ya saye Forty Creek a 2014, kuma babu shakka wannan amana da aka gina da masu saye tana cikin abin da ya biya.

Inda layi ya maye gurbin farashi

A kasuwar da aka sakar wa mara, ƙaranci yakan bayyana a farashi: kaya ya yi tsada har masu nema su ragu. Hausawa na cewa zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, wato mai kuɗi a hannu ya fi mai sammako. A yawancin Kanada al'amarin ya juya. Hukumar LCBO, wadda aka kafa a 1927, ita ce babbar mai sayar da barasa mai ƙarfi a Ontario, SAQ kuma a Quebec. Farashi ɗaya ne ga kowa, don haka ƙarancin yakan koma layi. A lardin British Columbia, shagunan gwamnati kan fitar da kayan alfarma a rana ɗaya cikin Nuwamba, har wasu su kwana a bakin ƙofa cikin sanyi. Ga wasu kwalabe masu wuyar samu, LCBO da SAQ kan jefa ƙuri'a ta intanet. Lardin Alberta, wanda ya miƙa shagunansa ga 'yan kasuwa a 1993, ya fi barin farashi ya yi aikinsa.

A ganina ƙuri'a ta fi sauran hanyoyin adalci, domin ba ta fifita attajiri, ba ta kuma fifita wanda ke da sararin kwana a layi. Sai dai tana da nata lahani. Idan farashin hukuma ya gaza abin da mutane ke shirye su biya, to an bar riba a ƙasa, kuma dole wani ya sunkuya ya ɗauka. Sake sayar da barasa ba tare da lasisi ba ya saɓa wa doka, amma hakan bai hana cinikin bayan fage ba. Ga kuma masu tara kwalabe ba tare da niyyar buɗewa ba, waɗanda ke ƙara wa ƙarancin tsanani da hannunsu.

Abin da za a ce a gefe guda

Adalci ne a faɗi amfanin wannan zumuɗi. An daɗe ana kallon wiskin Kanada a matsayin na araha, wanda ake sirkawa da lemo. Matatar Alberta Distillers ta birnin Calgary ta yi shekaru tana sayar da wiskinta na hatsin rai, wani dangin alkama mai jure sanyi, a farashi mai sauƙi a gida. A lokaci guda kamfanin WhistlePig na Amurka yana sayen tsumammen kayanta, ya zuba a tasa kwalba, ya sayar da tsada. Sai a 2020, da Murray ya ba Alberta Premium Cask Strength kambunsa, mutane da dama suka farga da abin da ke gabansu. Kwalabe na musamman sun ɗaga martabar sana'ar, sun kuma ba kamfanoni hujjar barin ganguna su daɗe.

Duk da haka, abin da nake nema ƙalilan ne. Shekarun da aka rubuta a jikin kwalba doka na kula da su, amma lakabin "ƙayyadadden adadi" shi kaɗai bai ɗaure kamfani da komai ba. Duk mai sayar da kaya da sunan ƙaranci ya kamata ya faɗi abu uku: kwalba nawa aka yi, shekarunta nawa, kuma za a sake fitar da irinta ko a'a. Wanda ƙarancinsa na gaskiya ne ba zai ji nauyin amsa waɗannan ba.

Northern Harvest Rye dai ta dawo kan kanta bayan da hayaniya ta lafa, kuma ana ci gaba da sayar da ita kamar sauran kwalabe. Canadian Club na 1977 kuwa, idan gangunansa suka ƙare, sun ƙare ke nan. Duka biyun an yi rububi a kansu, amma ɗaya ne kaɗai ya cancanci gaggawa. Idan gobe aka ce maka agogo, ko takalmi, ko waya saura kaɗan, ka fara tambaya ko lokaci ne ya rage shi, ko kuwa wani ne ya zauna ya zaɓi adadin.