Bauchi Ba Teku, Amma Ruwa Yana Cin Mutane

Jama'a, akwai wata al'ada a ƙasar Ingila wadda ta cancanci mu tsaya mu dube ta. Ƙungiyoyin masu nutso na garuruwan da ke nesa da teku sukan shafe watanni suna horar da sababbin shiga a wurin iyo na cikin gari, sa'an nan shekara-shekara su ɗunguma zuwa gaɓar teku domin gwada abin da suka koya a ruwa mai zurfi. Uwar ƙungiyarsu, watau British Sub-Aqua Club, an kafa ta a 1953, shekara 10 bayan Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, sun ƙera na'urar da ke ba mutum numfashi a ƙarƙashin ruwa daga tukunyar iska da ya goya a baya.

Watakila mai karatu ya ce, to mu mutanen Bauchi ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa ga shi nan birjik: madatsar Gubi wadda gari ke sha, kogin Gongola a Dindima, kogin Jama'are, da kududdufan da damina ke cikawa a bayan unguwanni. In kwale-kwale ya kife ko yaro ya zame, masunta da mutanen Sarkin Ruwa ake kira, su faɗa da numfashin da Allah ya ba su kawai. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya san gwanintar irin waɗannan bayin Allah. Amma numfashin ɗan Adam gajere ne, ruwan damina kuma duhu gare shi. Ba mu manta da Bagwai ta Jihar Kano ba, inda a 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, akasarinsu 'yan makarantar Islamiyya.

Sai dai sayen kaya ba shi ne iyawa ba. Kowace mita 10 mutum ya nitsa, ruwa yakan ƙara danne shi daidai nauyin iskar da ke kanmu a tudu. Wannan matsi yakan cusa iskar naitirojin cikin jini, in kuwa ya taso da gaggawa sai ta zama kumfa, ta shanye masa jiki ko ta kashe shi. Shi ya sa a 2013, lokacin da aka tarar da Harrison Okene da rai cikin jirgin da ya nitse mita 30 a tekun Nijeriya, bayan wajen awa 60, ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da aka sa shi ɗakin rage matsi na kwanaki. Daga baya shi kansa ya koyi aikin nutso.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jiha da ta zaɓi samari daga 'yan kwana-kwana da 'ya'yan masunta, a fara horar da su a Gubi, a riƙa tura su bakin teku a Legas kowace shekara kafin damina ta faɗi. Kuɗin bai kai na taron siyasa guda ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, ran wanka kuma ba a ɓoyon cibi: jajen da mukan je bayan an tsamo gawa ba ya mai do da ɗan kowa. Allah ya kiyashe mu, amin.