Sabuwar Dokar Kamun Kifi: Hannun Wa Tallafin Zai Shiga?

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku a watan Agustan 2023, ake ta batun sake dokokin kamun kifi tare da ƙara wa sana'ar tallafi. Gyaran ya zama wajibi. Dokokin nan biyu, ta teku da ta ruwayen cikin ƙasa, gwamnatin soja ce ta kafa su a 1992, kuma ƙarfinsu ya tafi ne kan lasisi da hani, a lokacin da kiwon tarwada bai bunƙasa ba.

Bisa ƙiyasin hukuma, Nijeriya na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, amma abin da take samarwa bai kai rabin haka ba. Da kifin ƙanƙara na ƙetare ake rage giɓin, kuma da dala ake biya. Wasu na ganin hana shigo da shi ne mafita. Wannan gaggawa ce: a hana alhali babu madadi, farashi ne zai tashi a kan talakan da kifi ne namansa.

Inda ya kamata 'yan majalisa su zuba ido shi ne abincin kifi. Shi ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa, kuma ya dogara ga masara da waken soya da wasu kayan haɗi na waje, waɗanda suka yi tsada bayan faɗuwar naira a 2023. Rance mai sauƙin ruwa da sassaucin haraji kan waɗannan kaya sun fi rabon kwalekwale a gaban 'yan jarida amfani.

Akwai kuma ƙa'idar duniya. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta 2022, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2023, ta taƙaita tallafin kamun kifi a teku, amma ba ta shafi kiwo ko su a koguna da tafkuna ba. A can ɗin ne ƙananan masunta, waɗanda ke kawo mafi yawan kifin gida, suke asara saboda rashin wurin banda na zamani da ɗakunan sanyi. Masu manyan jirage a Legas suna da bakin magana a Abuja. Masuncin Yawuri ko na Doron Baga, wanda rikicin Boko Haram ya durƙusar da kasuwarsa, sai an tanadar masa kasonsa a cikin dokar ƙarara.