Wa Zai Koya Wa Yaron Gololo Gyaran Motar Zamani?

A Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, idan yaro ya gama makaranta babu halin ci gaba, ko kuwa ya nuna yana da hannu a kan ƙarfe, abin da uba ya saba yi shi ne ya kai shi Azare wurin wani bakanike, a kai goro, a yi addu'a, a ce, "Ga ɗanka nan, amana." Daga ranar ya zama yaron gareji. Shekarar farko wankin noti da fetur, da miƙa sifana, da sayo wa maigida abinci. Idan Allah ya sa ya dace da maigida nagari, bayan wasu shekaru zai iya sauke inji ya ɗaure shi.

Wannan hanya ta yi wa jama'a rana, babu mai musun haka. Ita ce ta riƙe motocin haya da na kasuwa a kan titi tun zamanin Peugeot 404 da 504. Amma fa motar da aka gina wannan koyo a kanta ta kusa ƙarewa. Waccan mota ce ta kafireto, wadda gwani kan kasa kunne ya ji ciwonta. Motocin da ke shigowa yanzu ta Legas da Kwatano kuwa kwamfuta ce ke auna musu mai da iska. Tun 1996 doka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta kasance da kafar da ake jona na'urar bincike, ta faɗi inda cutar take da lambobi. Bakaniken da bai iya karanta lambobin nan ba sai ya shiga canke: ya canza filogi, ya canza famfon mai, mai mota yana ta biya, fitilar gargaɗi kuwa tana nan a kunne. Abin da maigida bai sani ba, ta ina zai koya wa yaro?

Inda ake samun wannan ilmi a tsare shi ne garejin kamfanonin da ke sayar da motoci da izinin masu ƙera su. A can almajirin kanikanci yana aiki da littafin mai ƙera motar, yana ɗaure noti da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba, kuma kowane aiki akwai takardar da za a rubuta abin da aka yi da wanda ya yi. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarun 1970 kamfanoni irin su SCOA da UTC da Leventis da Mandilas da R.T. Briscoe suna da garejinsu a manyan birane. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ita ma Bauchi ta samu kamfanin Steyr mai harhaɗa manyan motoci da taraktoci. Da yawa daga cikin tsofaffin kanikawan Arewa da ake ji da su daga irin waɗannan wurare suka fito. Da arzikin ƙasa ya ja baya daga tsakiyar shekarun 1980, sabuwar mota ta gagari mutane, sai wannan makaranta ta tsuke.

To, yau yaron Gololo da ke son shiga irin wannan gareji sai ya dangana da Kano ko Kaduna ko Abuja. Za a tambaye shi takardar sakandare, a gwada Turancinsa, domin littattafan da na'urorin duk da Turanci suke magana. Ko an ɗauke shi, ina zai kwana, me zai ci? Ɗan talakan ƙauye nan yake faɗuwa, ba don ƙwaƙwalwarsa ta gaza ba. Kuma kada a ɗauka garejin kamfani aljanna ce. Can ma ana iya barin yaro shekara biyu yana juyen baƙin mai da wankin mota kawai, tunda babu yarjejeniyar da ta ce ga abin da za a koya masa.

Ga inda gizo ke saƙar: rashin yarjejeniya a rubuce. A Jamus mai koyon gyaran mota yana sa hannu a takarda da kamfani, yana yin shekara uku da rabi yana raba lokacinsa tsakanin gareji da makarantar sana'a, ana ba shi ɗan alawus, a ƙarshe ya ci jarrabawa ya karɓi shaidar da kowa ya yarda da ita. A nan kuwa ranar yaye ta rage ga ra'ayin maigida.

Abin takaici shi ne kayan aikin gyara wannan al'amari suna nan. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, kamfanoni suna zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu, kuma ana mayar da wani kaso ga wanda ya horar da mutanensa. Hukumar NDE ta fito da shirin koyon sana'a a hannun masu sana'a tun 1987. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana shirya jarrabawar gwajin sana'a mai mataki uku. Yaro nawa a garejin Azare aka taɓa gaya wa cewa akwai wannan jarrabawa?

Kamata ya yi Gwamnatin Jihar Bauchi ta yi amfani da ƙarfin aljihunta. Tana cikin manyan masu sayen sababbin motoci a jihar. Duk kamfanin da za a ba kwangilar motoci, a sa masa sharaɗi ya ɗauki yara daga ƙananan hukumomi, har da Gamawa, ya horar da su bisa takarda mai faɗin shekarun koyo da alawus da darussa. Ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin masauki. Ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma ta zaɓo yaran daga cikin waɗanda suka riga suka yi shekara biyu a gareji, ba 'ya'yan masu uwa a gindin murhu ba.

Akwai masu cewa yaron da ya ga birni ba zai dawo ba. Wasu ba za su dawo ba, gaskiya ne. Amma tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 gwamnati take kiran direbobi su mayar da motocinsu masu amfani da iskar gas, kuma wannan aiki ne da kuskure kaɗan cikinsa kan jawo gobara. Idan motocin nan suka yawaita a hanyar Azare zuwa Gamawa, dole a samu wanda zai duba su a kusa, kuma wanda ya riƙe takardar shaida da na'urar bincike a Azare ba zai rasa ciniki ba.